Akwatunan Kambai da Tulun Mama

Fatakwal, 3 ga Satumba

Yaya Angelina,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kuna lafiya, ke da Baban Dinah da yara. Yaya ruwa? Na ji an ce daminar bana ba ta raga wa Kafanchan ba. Ni lafiyata ƙalau, sai 'yar mura da iskar teku ta sa mini, ita ma ta tafi.

Yaya jikin Mama? Tun da kika gaya mini ta daina fitowa falo, kuma ko matan zumuntar coci sun zo gaishe ta sai ta juya fuska bango ta ce a ce tana barci, raina bai kwanta ba. Mama Hulda fa! Matar da ta yi shekara da shekaru tana buga tulu a zumuntar mata, wadda in ta ɗaga soson bugun nan duk coci ya san waƙa za ta tashi. Shanyewar ɓarin jiki ta karkata mata baki, to sai me? Don baki ya karkata sai mutum ya rufe kansa a ɗaki? Ni ba ɗan cikinta ba ne, jikan ƙanwar babanta ne kawai, amma a gidanta na yi duk sakandare, kuma ba ta taɓa bambanta ƙwaryata da taku ba. Ba zan zauna ina kallo ta ƙare a bayan labule ba.

To ga albishir. Na sayi hom-tiyata! Yaya, ba irin rediyon da kika sani ba ne. Akwatuna shida ne: ƙananan sifiku biyar, da wani babba mai ƙugi da ake kira wufa. In an jera su daidai mutum ya zauna a tsakiya, sai ya ji kamar an ɗauke shi cak an ajiye cikin mawaƙa. Murya ta gaba, murya ta baya, kiɗa yana shiga har ƙirji. Da mai shago ya kunna mini, sai da na waiga don in ga wa ke waƙa a bayana.

Tunda Mama ta ƙi zuwa zumunta, zumunta za ta zo mata har falo. Na tura kayan wurin abokina Meshak a Sabon Tasha, zai sa muku a mota. A cikin kwalin akwai filashi, ɗan ƙaramin abin ajiye waƙa da ake soka wa na'urar, na zuba waƙoƙin da matan cocinku suka yi a taron bana, wani ne ya ɗauka ya sa a intanet. Ki kunna, ki buɗe ƙofar ɗakinta, ki ga ikon Allah.

Ki rubuto da hannu ki ɗauki hoton takardar kamar yadda kika saba, na san yatsunki da waya ba sa jituwa.

Ƙaninki,
Kambai

*

Kafanchan, 12 ga Satumba

Kambai ɗan'uwana,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da kai. Muna lafiya. Dinah ta yi zazzaɓi amma ta miƙe, har ta koma makaranta. Jikin Mama yana nan yadda ka sani, tana shan magani, abinci kuwa sai na yi ta lallashi.

Kai, Kambai! Rediyo ka aiko ko ƙofar gida? Mai mashin ya ga kwalin ya ce shi dai a'a, sai Keke muka ɗauka daga tasha. Kafin mu shiga gida rabin layinmu sun fito, har matar maƙwabcinmu tana tambaya ko firij ne.

Ni da Baban Dinah muka kwance. Wayoyi kamar taliya! Na goge kantar talabijin, na jera su duka a kai bisa tsawo, kamar yadda nake jera 'yan ajina a asembili, ƙanana a gefe, dogon a tsakiya. Babban bai hau kanta ba, sai na ɗora shi a kan tebur. Na yanka leshi na rufa wa kowanne don ƙura, sun yi kyau ƙwarai. Da muka kunna kuwa, kwanukan da ke cikin kabad suka kama rawa, kwanon rufin ma yana amsawa. Baban Dinah, dattijon coci guda, ya tashi yana taka rawa da singileti. Na yi dariya har da hawaye.

Sai dai zancen murya ta baya, ban ji ba. Duk daga gaba suke zuwa kamar kowane rediyo. Baban Dinah ya duba hoton jikin kwali ya ce wai biyu a bayan kujera ake sa su. Wane baya? Kai ka san falon Turawan da ke jikin kwalin, ni na san nawa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Rabin falon nan buhunan busasshiyar cittar Baban Dinah ne da ya kwaso daga gonar Fadan Kaje, sun kusa taɓa silin, don sito yana zuba kuma ya ce ba zai sayar ba sai kasuwa ta yi kyau. Duk wanda ya shigo sai ya yi atishawa kafin ya yi gaisuwa. Mai gidan da muke haya ya hana buga ƙusa a bango tun da ya yi sabon fenti. Waya kuma ba za ta bi ta ƙasa ba, don in sandar Mama ta harɗe da ita, ka san sauran. Ga wuta, sai ta ga dama. Janaretanmu in ya ɗauki firij ba ya ɗaukar kayanka, sai an kashe ɗaya.

Amma tsaya ka ji. Da na shiga kai wa Mama kunu, sai ta ce, "Bikin wa ake yi a falo?" Kambai, rabon da Mama ta tambayi wani abu da ke faruwa bayan ƙofarta, na manta. Na ce ba biki ba ne, Kambai ne ya aiko miki da zumunta a kwali. Ta ce, "Yaron nan bai da hankali." Amma ba ta ce a rufe ƙofa ba! Har yanzu zuciyata tsalle take yi.

Maza ka faɗa mini yadda zan yi da na bayan nan.

Yayarka,
Angelina

*

Fatakwal, 15 ga Satumba

Yaya,

Na gode wa Allah da jin Dinah ta warke. Ki gaishe da Baban Dinah, ki ce ina jiran hoton rawar singileti.

Na karanta takardarki a wurin cin abinci, na yi dariya har abokan aiki suka ɗauka na zare. Leshi, Yaya? Ai kin toshe musu baki. Don Allah ki cire, ko ki bar shi a samansu kawai. Amma "yaron nan bai da hankali" ya fi mini komai daɗi. Mama ce wannan, tana nan ciki ba ta je ko'ina ba.

Ga yadda za ki yi, ba ƙusa ko ɗaya. Dogon ya zauna a ƙarƙashin talabijin. Biyu su tsaya a gaba, ɗaya dama ɗaya hagu, ki raba su sosai. Biyun da suka rage kuwa, Allah ya riga ya ba ki wurinsu: buhunan citta. Ku sauke wasu ku tara su gida biyu a bayan kujerar Mama, daidai tsawon kunnen wanda ke zaune, ku ɗora sifika a kan kowane tari. Buhunan ma taimako za su yi, za su shanye amon da bango ke maidowa. Wayoyin ki bi da su gefen bango ta ƙarƙashin ledar ƙasa, ki manne da salatef, sanda ba za ta same su ba. Kujerar Mama kuma a janyo ta daga jikin bango zuwa tsakiya. Na san a gidajenmu kujeru bango suke bi, teburi ne a tsakiya, to wannan karon teburi ya yi haƙuri.

Wufa a ƙasa yake zama, a kusurwa, ba a kan tebur ba. Ki kula da shi, shi ne uban tafiyar. Ta cikinsa tulu zai fito, irin wanda Mama za ta ji a cikin ƙashinta.

Ranar Litinin za mu shiga teku, kuma can sabis ɗin waya sai sa'a. In kin ji ni shiru ba komai, aiki ne. Ki rubuto kawai, zan gani in mun matso gaɓa. Ji nake kamar in yi fiffike.

Naki,
Kambai

*

Kafanchan, 23 ga Satumba

Kambai,

Muna lafiya, ina fata teku ta yi maka sauƙi. A gurguje nake rubutu, masu duba makarantu suna zuwa wannan makon.

Mun yi duk yadda ka ce. Gaskiyarka ne, da na zauna a kujerar sai da tsigar jikina ta tashi, muryoyin mata ta ko'ina. Jiya Lahadi bayan sujada muka kunna a hankali, na bar ƙofarta a buɗe. Sai ga ƙarar sanda. Mama ta fito da ƙafarta! Ta zauna a tsakiya, fuskarta ta washe, har leɓenta yana motsi. Sai tulu ya shigo ta cikin babban akwatin. Ta fashe da kuka irin wanda ban gani ba tun rasuwar Baba. Ta ce, "Kashe shi. A fitar da wannan babban daga gidan nan." Ta koma ɗaki, ko abincin rana ba ta taɓa ba.

Ban san abin da zan ce maka ba. Zan sake rubutowa.

Angelina

*

A teku, 14 ga Oktoba

Yaya Angelina,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau a jiki, amma ban da zuciya.

Sai shekaranjiya takardarki ta shigo. Na yi ta duba waya ko akwai wata a bayanta, tunda kin ce za ki sake rubutowa, babu. Shirun nan ya gaya mini abin da ba ki so ki faɗa. Garin neman gira na rasa ido. Matar da ke zaune lafiya da baƙin cikinta, na aiko da kwali na fama mata ciwo, na tuna mata duk abin da ta rasa, kuma da ƙarfi, ta kowace kusurwa. Ina ta murna da kayan kiɗa kamar yaro, ban tsaya na yi tunani ba. Yanzu ƙila ko 'yar ƙofar da ta fara bari a buɗe ta rufe.

Tunda ta ce a fitar da su daga gidan, a fitar. Na aika wa Meshak saƙo, zai zo ranar Asabar ya kwashe duka. Ya ba matasan cocinsu ko ya yi yadda ya ga dama da su, ba na son jin labarinsu. Ki maida teburinki tsakiya, ki ba Baban Dinah haƙurin wahalar buhuna.

Ki durƙusa a gaban Mama a madadina, ki ce Kambai ya ce ta yafe masa. Kuma ki gaya mini gaskiya, tana cin abinci?

Kambai

*

Kafanchan, 20 ga Oktoba

Kambai, ɗan ƙanina mai saurin fushi da kansa,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai a kan ruwan nan. Duk muna lafiya. Mama tana cin abinci, jiya ma har ƙari ta nema, don haka ka sauke numfashi ka karanta a hankali, ba da ido ɗaya ba kamar wancan karon.

Meshak ya zo. Na ba shi tuwo da miyar karkashi, ya sha ruwa, na raka shi bakin titi hannu wofi. Wa ya ce maka duka ta ce a fitar? Babban ta ce! Koma ka duba. Shirun da na yi kuwa laifina ne, amma ba na so in ɗaga maka rai sau biyu, shi ya sa na ce sai na ga ƙarshen abin da na ƙulla.

Ga yadda aka yi. Na cire wufanka na tura shi ƙarƙashin gadonmu. Aka ɗauki kwanaki. Ran nan ina shafa wa Mama man zafi a kafaɗa, sai ta ce, "Milka ne, ko?" Na ce wa? Ta ce, "A cikin akwatin. Milka ne yana buga tuluna. Gudu yake yi, bai jiran masu amshi. Na koya masa, bai ji." Ka tuna Mama Milka, mai sayar da manja, ita ce ta karɓi tulun lokacin da Mama ta kwanta.

Kambai, sai na ji kamar an buɗe mini taga. Ashe ba waƙar ce ta sa ta kuka ba. Mu duka mun ɗauka Mama mai sauraro ce, muka ajiye ta a tsakiya ta ji daɗi. Mama kuwa ba ta taɓa sauraron zumunta ba a rayuwarta, bugawa take yi. Ka zaunar da ita cikin matanta, ko'ina muryoyin da ta sani, sannan hannun wata ya fito daga kusurwa yana yin aikinta. Ka gaya mata ke nan an cike gurbinta, ba a bukatarta.

Ranar Talata na tashi daga makaranta na wuce coci, lokacin zumunta. Na roƙi shugabarsu su yi mini waƙoƙi in ɗauka a waya, amma ban da tulu. Suka dube ni kamar na ce a yi miya ban da gishiri. Ni tsorona Mama Milka, kada ta ɗauka raini ne. Sai ta kwashe da dariya ta ce, "Hulda ya ce ina gudu, ko? Na sani zai faɗa. Ai ni riƙon ƙwarya nake yi, tulun nashi ne." Ta ajiye soson.

Ka zo ka ga rikici! Mai ba da waƙa ta ɗauka, masu amshi suka shigo kowa da ƙafarta, masu caki suna gaba, tsofaffin baya suna baya. Aka tsaya, aka yi dariya, aka sake, aka sake watsewa. Daga ƙarshe Mama Milka ta tsaya a gabansu tana bugun iska da hannu, suna kallonta, sannan waƙa ta miƙe. Wayar kuwa a kan bencin Mama na ajiye ta, daidai inda take zama, don caki ya fito ta hagunta, mai ba da waƙa ta dama, yadda kunnenta ya saba. Dinah ce ta juye mini a filashinka. Da za mu tashi Mama Milka ta naɗe tulun a zaninta da kanta, da gammonsa da sosonsa, ta ɗora mini a cinya a cikin Keke. Ta ce, "In ya fashe a hanya, kar ka dawo garin nan."

Jiya Asabar da hantsi, bayan tafiyar Meshak, aka kawo wuta. Na ajiye tulun a kan gammo a gaban kujerar, ta wajen hannunta na dama mai lafiya. Na kunna na shige kicin, ina leƙe ta labule. Waƙa ta tashi, muryoyi da caki kawai, ƙasanta fayau ba komai. Ni kaina sai da na ji ba daɗi, kamar mai tafiya da takalmi ɗaya.

Ba a gama baitin farko ba na ji sanda. Ta fito tana faɗa tun daga ƙofa: "Wane irin waƙa ne wannan ba tulu? Sun haukace?" Sai ta gan shi. Ta tsaya. Ta daɗe a tsaye, har na fara shirin fitowa in kashe. Sai ta zauna, ta jawo shi da ƙafa, ta ɗauki soson ta juya shi a hannu.

Bugun farko ya kauce. Na biyu ma. Na uku kuwa, Kambai, kwanukan kabad suka amsa! Wufanka ya yi ƙarya. Baban Dinah ya shigo da gudu daga bayan gida da sabulu a hannu, ni kuma ina tsaye da ludayi ina kuka kamar an mare ni. Ta buga waƙar farko har ƙarshe, ta shiga ta biyu, kanta yana kaɗawa, bakin nan da take ɓoyewa a buɗe tana amshi, ko a jikinta. Farin cikin da na yi ban san inda zan sa shi ba. Na so a ce kana nan.

A ta uku ne aka yi faɗa. Ka san wurin nan da takan sassauta bugu, ta ja shi, sannan ta juya kiɗan mata su miƙe da rawa. Ta sassauta, matan cikin akwati suka wuce abinsu. Ta ce in maido baya. Na maido. Ta sake sassautawa, suka sake wucewa. Ta buga da ƙarfi don ta tsayar da su, ina! Sai ta jefar da soson a cinya ta ce, "Waɗannan ba su ji na. Ina magana da tulu, suna tafiya."

Na ce, "Mama, akwati ne, ba shi da kunne."

Ta harare ni ta ce, "To a kira masu kunne mana. Je ka gaya wa Milka ran Talata a nan za a yi zumunta. Su zo duka. Ya zauna kusa da ni ya koya."

Don haka ka ga aikin da ka jawo mana. Baban Dinah yana can yana kwashe sauran buhuna zuwa ɗakin yara don a sami wurin benci, yana atishawa yana waƙa. Ni zan aro kujeru a makaranta. Saƙonka na neman gafara ban kai ba, don ban ga laifin ba. Na dai ce mata ka gaishe ta, ta ce a gaya maka ka zo Kirsimeti, kuma ka rage kashe kuɗi a kan shirme.

Zan tsaya nan, tana kira. Ta ce in ciro mata zanin zumunta daga ƙasan akwati in goge, in kuma kawo mata madubi.

Ubangiji ya dawo mana da kai lafiya.

Yayarka,
Angelina